A fara dawo da dutse daga Mars kafin a yi zancen aika mutum

A wani fili da ake kira Three Forks, cikin kwarin Jezero na duniyar Mars, akwai bututu goma kwance a ƙasa tun watan Janairun 2023. Tsawon kowanne bai wuce taƙi ɗaya ba, kuma a cikin yawancinsu akwai guntun dutse mai kaurin alli wanda aka haƙo aka liƙe bakinsa. Motar bincike ta Perseverance, wadda hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta saukar a can ranar 18 ga Fabrairun 2021, ita ta ajiye su ɗaya bayan ɗaya, da tazara a tsakaninsu, don in wani abu ya same ta kada wahalar ta tafi a banza. Sauran bututun suna cikin cikinta tana yawo da su. Duk an tara su ne bisa alkawarin cewa wani kumbo zai je ya kwaso su ya kawo su duniyarmu. Har yau kumbon bai tashi ba.

Wannan ya sa tambayar nan ta sake tasowa: shin zai yiwu kuwa a tura na'ura mai sarrafa kanta zuwa wata duniya, ta sauka, ta ɗebo abin da aka aike ta, ta dawo gida lafiya? Ra'ayina shi ne zai yiwu, amma a duniya ɗaya tak a zamaninmu, wato Mars, kuma da ƙyar. Ina kuma ganin wajibi ne a yi shi, kuma a yi shi kafin duk wani zancen aika ɗan Adam.

Sauran duniyoyin ba sa buƙatar dogon bayani. Venus, tauraruwar nan Zara, zafin doron ƙasarta ya kai kusan digiri 460, nauyin iskarta kuma ya ninka namu sau 90. Kumbon Tarayyar Sobiyet Venera 13 da ya sauka a 1982 minti 127 ya yi yana aiki kafin ya mutu, kuma a lokacin an ɗauki hakan babbar nasara. Ga shi girmanta kusan ɗaya da duniyarmu, don haka tashi daga kanta na buƙatar roka irin wadda muke harbawa daga nan, a cikin wannan wuta. Jupiter da Saturn ba su da ƙasar da za a taka. Mercury kuwa tana dab da rana, isa gare ta kaɗai cin mai ne mai yawa, balle a fito. Mars ce ta rage.

Masu cewa abin mai sauƙi ne sukan kafa hujja da abin da aka riga aka yi, kuma gaskiya an yi abin a yaba. A 1970 kumbon Luna 16 na Sobiyet ya sauka a wata ba tare da mutum ba, ya haƙo ƙasa giram 101, ya dawo da ita. Luna 24 ya maimaita a 1976. Ƙasar Sin ta kawo giram 1,731 da kumbon Chang'e 5 a 2020, sannan a 2024 Chang'e 6 ya kawo kusan kilo 2 daga bayan wata, ɓangaren da ba ya taɓa fuskantarmu. Japan ta je manyan duwatsun da ke yawo a sararin samaniya har sau biyu: Hayabusa ya dawo a 2010 bayan ya sha wahalar da kowa ya fitar da rai, Hayabusa2 kuma ya jefo giram 5.4 na dutsen Ryugu a hamadar Ostireliya a Disambar 2020. Amurka ta karɓi giram 121.6 na dutsen Bennu a Satumbar 2023.

Amma duk waɗannan wurare ne da ba sa riƙe baƙo. Dutsen Bennu faɗinsa kusan mita 500 ne, ƙarfin jansa kuma bai taka kara ya karya ba, mai tafiyar ƙafa ma ya fi saurin da ake buƙata don a rabu da shi. Wata ya fi haka riƙo, sai an yi gudun kusan kilomita 2.4 a sakan kafin a kuɓuce masa, amma ba shi da iska, tafiyar kwana uku ce, kuma saƙon rediyo na isa cikin sakan ɗaya da 'yan kai. Mars wata aba ce daban. Kuɓuce mata sai da gudun kilomita 5 a sakan, tafiyar zuwa kusan wata bakwai ce, kuma hanyar ba ta buɗewa sai bayan kowane wata 26, lokacin da duniyoyin biyu suka daidaita. Babu wani abu da ɗan Adam ya ƙera da ya taɓa tashi daga doron Mars ya shiga falaki. Ɗan ƙaramin jirgin nan mai saukar ungulu, Ingenuity, ya tashi sau 72 daga 2021 zuwa farkon 2024, amma 'yan mitoci yake hawa ya sauko.

Inda gizo ke saƙa shi ne mai. Roka ba ta da gidan mai a hanya. Man da za ta dawo da shi dole ta tafi da shi, kuma wannan man kaya ne, shi ma sai an ƙona wani man kafin a ɗaga shi, wancan ɗin ma haka. Kamar matafiyi ne a hamada wanda dole ya ɗauki ruwan zuwa da na dawowa, kuma duk salkar da ya ƙara sai ya ƙara raƙumin da zai ɗauke ta, raƙumin nan shi ma sai ya sha. Malamin nan ɗan Rasha Konstantin Tsiolkovsky ya rubuta lissafin wannan tun 1903, kuma babu injiniyan da ya samu hanyar kauce masa. Kowane kilo da ake son ɗagawa daga Mars yana komawa kilo masu yawa a filin harba roka na nan duniya.

Sai matsalar sauka da wannan kaya. Iskar Mars ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na tamu ba. Ta isa ta ƙona kumbon da ya shigo da gudun kusan kilomita 20,000 a awa in ba shi da garkuwar zafi, amma ba ta isa ta tsayar da shi da laimar sauka kaɗai ba. Shi ya sa aka saukar da Perseverance da wata dabara mai ban tsoro: garkuwa ta rage gudu, laima ta buɗe, sannan wani ɓangare mai rokoki ya tsaya cak a sama ya zuro motar ƙasa da igiyoyi, ya yanke su, ya tashi ya je ya faɗi can nesa. Duk cikin kusan minti bakwai. Nauyin motar kilo 1,025 ne, kuma ita ce mafi nauyin motar da aka taɓa saukarwa lafiya a can. Kumbon da aka tsara zai kai rokar dawowa ya kusan ninka ta uku.

A ce ma an sauka. Rokar da NASA ta zana tsayinta kusan mita 3 ne, nauyinta kusan kilo 450, mai hawa biyu, da busasshen mai. Za ta zauna watanni a wurin da sanyin dare kan kai digiri 80 ƙasa da sifili, cikin ƙurar da ta riga ta kashe na'urori masu ƙwari: guguwar ƙurar 2018 ita ta kawo ƙarshen motar Opportunity, ƙura ce kuma ta rufe faifan hasken rana na InSight har ya yi shiru a 2022. A nan duniya ɗaruruwan mutane ne ke kewaye da roka kafin ta tashi, suna auna wannan, suna ɗaure wancan, in sun ga abin da bai kwanta musu ba su ɗage harbin zuwa gobe. A can babu kowa, babu dandamalin harbi, ƙasar ma ba lallai ta zama shimfiɗaɗɗiya ba. Dabarar da aka fito da ita ita ce kumbon ya cilla rokar sama 'yan mitoci, injinta ya kama tana cikin iska. In bai kama a wannan ƙiftawar ido ba, shi ke nan, ta faɗo da duk abin da ke cikinta. Kuma ba wanda zai iya sa baki daga nan, domin saƙo tsakaninmu da Mars na ɗaukar daga kusan minti 3 zuwa 22 kafin ya isa, ya danganta da inda duniyoyin suke. Kafin labari ya zo cewa an kunna inji, an riga an yi nasara ko an yi asara.

Rokar ba za ta taho gida kai tsaye ba, ba ta da man yin haka. Za ta saki wata ƙwarya mai girman ƙwallon kwando a falakin Mars, sai wani kumbo, wanda hukumar sararin samaniya ta Turai ta ɗauki nauyin ƙerawa, ya nemo ta da kyamara, ya matso, ya cafke. Wannan ɓangaren bai fi ba ni tsoro ba, domin Chang'e 5 da Chang'e 6 sun yi irin wannan haɗuwa a falakin wata ba tare da mutum a ciki ba. Nisan ne ya bambanta, da rashin damar gyara daga ƙasa.

To me ya sa nake cewa zai yiwu bayan duk wannan? Saboda in aka warware aikin gaɓa-gaɓa, babu gaɓar da ke jiran a gano wani sabon ilimi. Sauka a Mars an yi sau da dama, Amurka tun kumbon Viking a 1976, Sin kuma da motar Zhurong a 2021 a gwajinta na farko. Haƙa da liƙewa an yi. Haɗuwa a falaki an yi a wata. Shigowa iskar duniya da gudu an yi. Gaɓa ɗaya ce sabuwa fil, tashi daga Mars, ita ma aikin ƙira ce da gwaji, a ɗakunan sanyi da na ƙarancin iska, har sai an gamsu. Haɗarin yana cikin jerin ne: gaɓoɓi da yawa, kowacce dole ta yi daidai a karo na farko. Tarihin wannan fanni cike yake da ƙananan kurakurai masu tsada. A 1999 an yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter saboda wani rukunin ma'aikata ya yi lissafi da ma'aunin Ingila, wani kuma da na mita. A 2004 kumbon Genesis ya dawo da ƙurar rana, laimarsa ta ƙi buɗewa ya daki ƙasa a hamadar Utah, saboda an ɗaura na'urar da ke jin saurin faɗuwa a juye. Rasha ta harba Fobos-Grunt a 2011 don ɗebo ƙasa daga Phobos, ɗaya daga watannin Mars biyu, bai ma bar falakin duniyarmu ba, ya faɗo a Janairun 2012. Irin waɗannan kurakurai maganinsu lokaci ne da gwaji da kuɗin da ba ya yankewa.

A nan ne aikin Amurka ya cije. A Satumbar 2023 wani kwamiti mai zaman kansa ya duba shirin ya ce zai ci dala biliyan 8 zuwa 11. A Afrilun 2024 shugaban NASA na lokacin, Bill Nelson, ya ce biliyan 11 ya yi yawa, jira har 2040 kuma ya yi nisa, ya nemi a kawo wasu shawarwari. A Janairun 2025 aka fito da hanyoyi biyu masu rangwame, kowacce tsakanin kusan biliyan 6 zuwa 8. Bayan 'yan watanni kasafin da fadar White House ta gabatar ya nemi a soke shirin ɗungurungum. Ban ce masu ƙorafi ba su da hujja ba. Shirin ya kumbura, an rarraba shi tsakanin cibiyoyi da yawa, kuma yana neman haɗiye kuɗin sauran bincike, har masana da ke nazarin wasu duniyoyin suka fara kuka. Amma aikin da zai ɗauki shekara goma sha ba zai rayu ba in kowace shekara sai an sake tambaya ko a ci gaba. Injiniyoyin da suka iya saukar da mota a Mars ba su da yawa a duniya, kuma cibiyar JPL ta NASA da ke California, wadda ta ƙera motocin Mars, ta sallami ɗaruruwan ma'aikata a 2024. Ƙwarewa irin wannan in ta watse, tara ta ya fi kuɗin da aka yi tattali tsada.

Wani zai ce me ya sa sai an kawo dutsen, tunda motocin suna ɗauke da na'urorin gwaji? Wannan tambaya ce mai kyau, kuma amsarta ce ta sa na damu da maganar. A Yulin 2024 Perseverance ta ci karo da wani dutse da aka sa wa suna Cheyava Falls, a tsohuwar hanyar kogin da ya taɓa zuba cikin tafkin Jezero. A jikinsa akwai 'yan ɗigo-ɗigo farare masu baƙin zagaye, kowanne bai fi milimita ba, masu ɗauke da ƙarfe da sinadarin fosfet, ga kuma sinadaran kabon irin waɗanda rai ke ginuwa a kansu. A duniyarmu irin wannan zane sau da yawa aikin ƙananan halittu ne da ke cin abinci daga dutse. Amma ana iya samun sa ba tare da rai ba. A Satumbar 2025 masanan suka wallafa bincikensu suka ce alama ce mai yiwuwa ta rai, suka kuma faɗa ƙarara cewa na'urorin motar sun kai iyakarsu. Motar ta haƙi guntun dutsen ta liƙe. Amsar ɗaya daga cikin manyan tambayoyin da ɗan Adam ya taɓa yi, ko an taɓa yin rai a wani wuri ban da nan, tana iya kasancewa cikin wannan bututu, kuma na'urorin da za su iya karanta ta wasunsu girman gini ne, ba sa shiga roka.

Mun riga mun ga abin da rabin amsa ke jawowa. Gwajin neman rai da Viking ya yi a 1976 ya ba da sakamakon da har yau ake jayayya a kansa. A 1996 wasu masana suka ce sun ga alamun ƙananan halittu a dutsen ALH84001, wanda ya faɗo daga Mars aka tsince shi a Antaktika a 1984, aka yi shekaru ana muhawara, yawancin masana ba su gamsu ba. Duwatsun da suka faɗo da kansu ba a san daga wane wuri na Mars suka fito ba, kuma sun daɗe kwance a ƙasarmu suna cuɗanya da halittunmu. Samfurin da aka zaɓa da ido, aka san shimfiɗar da ya fito, aka liƙe shi a can, darajarsa daban ce. Kuma ba ya ƙarewa a gwaji ɗaya. 'Yan sama jannatin Apollo sun kawo duwatsu da ƙasa kilo 382 daga wata tsakanin 1969 da 1972, aka yi kusan shekara arba'in ana cewa wata busasshe ne ƙayau, sai a 2008 sababbin na'urori suka gano ruwa a cikin ƙananan ƙwayoyin gilashi na waɗannan duwatsun. Wani bututun Apollo 17 ma sai a 2022 aka buɗe shi, an adana shi da gangan don masanan da ba a haifa ba lokacin da aka ɗebo shi.

Akwai tsoron da bai kamata a raina ba: in akwai wani abu mai rai a ciki fa? Yawancin masana na ganin haɗarin ƙanƙane ne, domin duwatsun Mars sun daɗe suna faɗowa nan da kansu. Duk da haka yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967 ta ɗora wa ƙasashe alhakin kauce wa cutar da muhallin duniya da abin da aka kawo daga waje, ƙa'idojin COSPAR, kwamitin ƙasa da ƙasa kan binciken sararin samaniya, kuma sun sa Mars a rukuni mafi tsauri. Ma'anarsa duk abin da ya taɓa ƙurar Mars ba zai taɓa iskarmu ba sai a rufe ko a ƙone, kuma sai an gina ɗakin gwaji na musamman da zai hana abin ciki fita, ya kuma hana na waje shiga. A tsarin NASA ƙwaryar za ta sauka ba laima, an ƙera ta ta jure dukan ƙasa, don kada a dogara da abin da ya ci amanar Genesis. Wannan tsada ce da na yarda a biya ba tare da ciniki ba.

Abin da na kasa fahimta shi ne yadda aka nemi soke wannan aiki a 2025 a daidai lokacin da ake ɗaga murya kan aika mutane Mars. Mutum yana buƙatar duk abin da dutse ke buƙata don dawowa, sannan ga iska, ga ruwa, ga abinci, ga kariya daga hasken da ke lalata jiki, na tsawon shekara biyu zuwa uku. Lissafin NASA kanta ya ce ɗaga mutum huɗu daga Mars na buƙatar mai kusan tan 7 da iskar oksijin tan 25. Mafita ita ce a samar da oksijin ɗin a can daga iskar Mars, kuma an gwada: wata na'ura mai suna MOXIE da ke cikin Perseverance ta yi aiki sau 16 ta samar da giram 122. Wannan nasara ce ta gaske, amma tsakanin giram 122 da tan 25 akwai tafiya mai nisa. Masu cewa 'yan sama jannati za su ɗebo duwatsun da hannunsu in sun je suna neman a gwada rokar dawowa karo na farko da rayukan mutane a ciki. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Sannan mutum duk inda ya taka sai ya bar ƙwayoyin halittar jikinsa, don haka in ba a ɗebo samfur mai tsabta kafin zuwansa ba, duk abin da aka gano daga baya za a yi ta shakkar ko mu muka kai shi.

Yanzu ido ya koma gabas. Japan na shirin kumbon MMX zuwa Phobos, inda tashi ba wuya, da fatan ya dawo a 2031. Sin kuwa ta sanar da Tianwen-3: roka biyu za su tashi wajen 2028, ɗaya da kumbon sauka da rokar tashi, ɗaya da kumbon dawowa, a kawo aƙalla giram 500 wajen 2031. Tsarinsu ya fi sauƙi. Ba za su aika mota ta yi shekaru tana zaɓe ba, za su sauka a wuri mai sauƙin sauka, su ɗebi na sama, su haƙa na ƙasa, su tashi. Ta fuskar ilimi samfurin Jezero ya fi daraja nesa ba kusa ba. Ta fuskar tabbatar da cewa hanyar dawowa na aiki, tsarin Sin ne ya fi hikima, kuma sun bi matakan a jere, daga wata zuwa bayan wata zuwa Tianwen-2 da suka harba a Mayun 2025 don ɗebo samfur daga wani dutsen sararin samaniya. Ina yi musu fatan nasara da zuciya ɗaya, kuma ina ganin ya kamata Amurka da Turai su rage girman shirinsu, ko da bututu kaɗan za a fara kawowa, su sa masa rana, su daina taɓa kasafinsa.

In Sin ta riga kowa, tambayar da za ta biyo baya ita ce wa zai samu damar nazarin abin da ta kawo. A 2025 ta amince ta ba cibiyoyin bincike na ƙasashe shida aron samfurin Chang'e 5, har da jami'o'in Amurka biyu. Amma tun 2011 akwai dokar majalisar Amurka da ta hana NASA kashe kuɗinta wajen haɗin gwiwa kai tsaye da Sin sai da izini na musamman. Da'awar cewa an ga alamar rai ba za ta karɓu daga ɗakin gwaji ɗaya ko ƙasa ɗaya ba, sai wasu sun auna da nasu na'urorin sun samu abu guda. Ya kamata a zauna a kan ƙa'idar rabon samfur da ta tsaron lafiya tun yanzu, tun kumbon farko bai bar ƙasa ba.